Tsagar Bango da Shayin Yaya Saude

Shekara uku ke nan da muka kai Yaya Saude makwancinta a bayan birnin Alƙahira, can inda gine-gine suke ƙarewa yashi ya karɓa. Na ce muka, amma maza ne suka kai ta. Ni ina zaune a ƙasan ɗaki, riƙe da mayafinta, ina jin ƙarar motar da ta ɗauke ta har ta ɓace cikin hayaniyar unguwarmu, Hayyin Ashir. Duk shekara in wannan wata ya zagayo nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Wani abu ya same mu kwanan baya, kuma tun ranar babu wanda nake son in ba labarin sai ita. Tunda ba ta nan, ku yi haƙuri ku saurara a madadinta.

Yaya Saude ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya samu gurbin karatu a jami'ar addini a nan Masar, suka taho tare. Da na gama sakandare ta sa aka turo ni, in taya ta reno in kuma shiga ajin Larabci. A unguwarmu matan ɗalibai da yawa su ma karatu suke yi, ba su da inda za su bar 'ya'yansu da safe. Shi ya sa ta buɗe hadana, wato gidan renon yara, a wani ɗan gida a hawan ƙasa na wani bene. Ba mu da yawa. Akwai ita, akwai ni, akwai Anti Maryam, matar wani ɗalibi ɗan Zariya, mace mai zafin nama wadda ba ta san gajiya ba. Sai Hajja Batul, dattijuwa Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka taso aikin hajji a ƙasa suka yada zango a hanya har zangon ya zama gida. Kullum daga unguwar Ainu Shams take tahowa, tana mitar cunkoson mota da gwiwarta.

A shekarar 2011, da gari ya yamutse, masu duba gine-gine suka daina leƙowa. Mai benen ya ga dama ta samu, ya shiga ɗora hawa a kan hawa. Wuni guda ana hawa da jan bulo da siminti ta gefen tagarmu, yara na leƙe suna murna. Mu kuwa kowaccenmu ta fara ganin abin da bai kwanta mata ba. Ƙofar banɗaki da take rufuwa da yatsa ɗaya ta koma sai an sa mata kafaɗa. Ruwa in ya zube a tsakar ɗaki, da a wuri ɗaya yake tsayawa, sai ya fara gangarawa lungu guda. Bayan kabad ɗin kayan yara bango ya tsage siririya. Duk mun gani, kuma babu wadda ta ce uffan.

Wanda bai zauna a ƙasar wasu ba zai ce wauta ce. Amma baƙo, ko da idonsa, makaho ake so ya zama. Takardar zamanka a hannun mutane take, ba ka son a ce kai ne mai ƙorafi. Ga kuma tarbiyyar da muka taso da ita, cewa mugun abu in ka ambace shi ka kira shi. A gida in yarinya ta ce tana jin kamar wani abu zai faru, kafin ta rufe baki an ce mata ta tofar da yawu, ta daina mugun fata. Haka muka zauna, mata huɗu, kowacce na rungume da tsoronta ita kaɗai kamar wadda ta saci wani abu.

Wata rana bayan azahar, yara sun yi barci, Yaya Saude ta banki ƙofar nan da kafaɗa, ta juyo ta ga Hajja Batul ta kalli ƙofar ta yi saurin kawar da kai. Sai Yaya Saude ta ɗora buta, ta jera kofuna, ta kira mu.

"Hajja, kin ga ƙofar nan?"

"Na ga ƙofa, ya binti, 'yata. Ƙofa ce dai."

"To ni tsoro take ba ni," in ji Yaya Saude. "Na faɗi nawa. Duk wadda ta kawo wanda ya fi nawa muni, ita ke da na'ana'a da ƙarin sukari."

Hajja ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. "Miƙo sukarin tun yanzu, kada ki wahalar da yaran nan. Ruwan da nake goge ƙasa da shi ya koyi tafiya."

Anti Maryam ta tashi ta janye kabad, ta nuna mana tsagar. Ni ma na buɗe baki na ce tayil biyu sun ɗago a kicin. Ina tuna yadda muka kalli juna, kunya da sauƙi suka haɗu mana lokaci guda. Ashe duk kwanakin nan a ɗaki ɗaya muke, da damuwa ɗaya, amma kowacce a nata kurkukun.

Daga ranar aka samu abin da muke kira shayin tsoro. Kullum in yara sun kwanta sai a zauna, kowacce ta faɗi abu guda da bai yi mata ba. Ba a katse ki da "Allah ya kiyaye" sai kin kai aya, sannan a yi addu'ar tare. Ba a tambayar wa ya jawo. Wata rana Anti Maryam ta ce ita ce ta manta murfin maganin wanke ƙasa a buɗe inda yaro zai iya kai hannu. Maimakon faɗa, na'ana'a ta samu, aka kuma buga ƙusa can sama aka rataye kwandon magunguna. Yaya Saude takan ce wadda aka tsawata wa yau, gobe za ta gani ta haɗiye, kuma abin da aka haɗiye shi ke kisa.

Sai dai ba ta tsaya ga jin tsoro ba, kuma wannan ne ban fahimta ba sai yanzu. In kin faɗi naki, tambayarta ɗaya ce: "Nuna mini." Mafarki da an ce ka ce ba su da kofi a wurin. Game da tsagar nan, ta je ta roƙi wata maƙwabciyarmu Bamisriya ta turo ɗanta injiniya. Ya duba ya ce da ido ɗaya ba zai iya cewa ginin na motsi ko ya tsaya ba. Ya koya mata ta kwaɓa farin garin jibis, irin wanda suke ado da shi a rufin ɗaki, ta manna shi kamar waina a kan tsagar. In bangon a tsaye yake, wainar za ta zauna lafiya. In yana buɗewa, za ta fashe. A ranar da ta manna, kafin ya bushe, ta sa muka ɗaure magana: in ya fashe za mu tashi, babu sake zama. Ta kuma ja Hajja Batul suka zaga har suka samo wani gida a can ƙarshen unguwa, matsattse, a hawa na uku, suka yi magana da mai shi ko da ta kwana.

Ya fashe kuwa. Layi ne siriri kamar gashi, in ba ka durƙusa ba ba za ka gan shi ba. Lokacin jarrabawa ne, iyaye ba su da sararin numfashi. Anti Maryam ta ce a ɗan jira a gama. Yaya Saude ta ce, "Maryam, wannan shawarar mun yi ta ranar da hankalinmu ke kwance. Yau ranar ɗaure kaya ce." Muka ɗaure.

Na san abin da mai karatu ke jira. Yana jiran in ce bayan mun tashi benen ya rushe, kowa ya zo yana sa mata albarka. Bai rushe ba. Yana nan tsaye har yau, da shanyar mutane a kowace baranda. Iyaye suka yi ta guna-guni kan hawan bene da goyo, wasu suka janye 'ya'yansu. Aka sa mata suna Uwar 'Yan Tsoro, ana faɗa a gaban idonta cikin raha, ana faɗa a bayanta ba cikin raha ba. Na taɓa tambayarta ko abin ba ya yi mata ciwo. Tana tsefe wa wata yarinya kai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Rabi, irin aikinmu in ya yi kyau babu abin da za a gani." A lokacin na ɗauka maganar rarrashin kai ce.

Shekarar da ta biyo baya ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinta. Nakan tuna cewa a wurin shayi ita ke zubawa, ita ke tambaya, kuma ita ce ta ƙarshe. Kafin layi ya zo kanta shayin ya huce, wani yaro ya farka da kuka, an watse. Ta san motsin kowane bango a gidan, nata kuwa ba mu samu labarinsa ba sai da ya faɗi.

Mijinta ya kammala karatu ya koma gida da yaransu. Ni aka ɗaura mini aure da wani ɗalibi, mutumin kirki, amma littafi ya fi ni ganinsa. Anti Maryam ta riƙe hadana, kuma Allah ya sani ta riƙe da gaskiya. Shayin ne ya mutu. Da farko ba wadda ke iya zama a wurin ba tare da hawaye ba. Daga baya aka ɗauki sababbin mata, ba su san mu ba, ba mu san su ba, kowacce ta sha nata a tsaye tana duba waya. Muna da zaure a wayar ma, inda ake tura addu'o'in safe da na Juma'a. Da Yaya Saude za ta leƙo ta gani, na san dariya za ta yi ta ce: ga na'ura a hannun kowa mai ɗaukar hoto, amma babu wadda ta taɓa ɗaukar abin da ke damunta ta turo.

Da sanyin bana na ga tabon lema a rufin ɗakin barcin yara, daidai ƙarƙashin banɗakin mutanen sama. Na tari Anti Maryam a soro tana sauri, na gaya mata ƙasa-ƙasa. Ta dafa ni ta ce, "Ma'alish, ba komai, Rabi, lema ce kawai. Kin gaji yayarki." Ban ga laifinta ba. Ni kaɗai na zo, a tsaye, hannu rabbana, babu abin nunawa sai faɗuwar gaba.

Ranar da abin ya faru, mun kwantar da yara bayan azahar kamar kullum. Wata 'yar shekara biyu, Nana, ta ƙi barci, ruwa take so. Na ɗauke ta daga shimfiɗarta na saɓa a kafaɗa. Ina kaiwa bakin ƙofa na ji wani ƙara a bayana, ba mai ƙarfi sosai ba, kamar an yar da buhun hatsi. Na juya. Wani ɓangaren rufin, faɗinsa ya kai faifai, kaurinsa ya fi tafin hannuna, yana kwance a kan matashin da na ɗago kanta daga kai. A sama ga rodi baƙi ƙirin da tsatsa, ya fito kamar haƙarƙari. Ƙura ta cika ɗakin. Yara ba su ma fara kuka ba tukuna. Ni kuwa na matse yarinyar nan har sai da ta cije ni.

Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Kowa haka yake ce mini, kuma gaskiya ne. Amma tun ranar ba na shiga ɗaki ban fara ɗaga kai ba. In motar haya ta bi ta ƙarƙashin gada sai in ji na sunkuya. Ina cikin salla sai in ji kamar yashi na zubo mini a wuya. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to ni ko'ina tsumma nake gani. Mijina ya yi mini addu'a, ya ce in dage da zikiri, ya koma kan karatunsa. Ban taɓa jin nisan gida irin na kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin rashin Yaya Saude kamar haka ba, har da ranar da aka fita da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganganun da suka biyo baya. Ɗaya daga cikin sababbin matan ta ce ai kullum da safe tana share ɗan yashi a wannan kusurwar. Wata ta ce ta ga fentin ya kumbura. Hajja Batul ta ce ta sha jin ɗigar ruwa a cikin rufin in gidan ya yi tsit. Kowacce da guntunta. Da an haɗa guntayen a faranti ɗaya, ko makaho ya ga abin da ke tafe. Mun koma daidai inda muke kafin Yaya Saude ta ɗora butar farko.

Mai gidan ya turo mai yaɓe, aka cike ramin, aka shafe da farin fenti, ya ce khalas, komai tamam, wato an gama, komai lafiya. Ga jarrabawa ta sake zagayowa. Falon da muke tara yaran ya yi musu kaɗan, suna kwance kamar kifin gwangwani, iyaye na tambaya yaushe za a buɗe ɗaki. Anti Maryam ta ce ranar Lahadi za a mayar da shimfiɗu. Na kwana biyu ina juya maganar. Na tambayi kaina abin da Yaya Saude za ta yi, na kuma san amsar, tsoron aikatawa ne kawai ya hana ni. Ni ce ƙarama a cikinsu. Ni ce wadda aka riga aka ce ta firgita.

Na tafi tsohon benen nan, na hau matakalarsa, na nemi injiniyan ta hannun mahaifiyarsa. Ya ce fenti ba ya warkar da ƙarfe. Ya ce mu sami sandar tsintsiya mu bi rufin muna ƙwanƙwasawa: inda yake da lafiya zai amsa da ƙarfi a dunƙule, inda ya rabu da ƙarfensa zai yi amo kamar abu mai rami.

Washegari da yara suka kwanta na ɗora buta. Na ɗauko tire, na kira su. Na zauna a inda Yaya Saude take zama, na ce ina tsoron rufin nan, na faɗi nawa.

"An gyara fa, Rabi," in ji Anti Maryam, a gajiye.

Hajja Batul ta miƙa hannu ta tsinko na'ana'a ta jefa a kofina. "Maryam, bar yarinya ta kai aya. Ko kin manta dokar? Ni da gwiwata ta lalace ma ban manta ba."

Na faɗi abin da injiniya ya ce. Na roƙi mu ɗaure magana kafin a taɓa rufin: in ya amsa lafiya ko'ina, a mayar da yara, ni ce zan fara shimfiɗa, ba kuma zan sake tayar da zancen ba. In an ji rami ko a wuri ɗaya, ɗakin zai zauna a kulle sai an gyara banɗakin sama, an fasa yaɓen, injiniya ya ga ƙarfen da idonsa. Anti Maryam ta ajiye kofinta. Sannan ta ce ta yarda, ta kuma karɓi sandar da kanta, don ta fi mu tsawo.

Muka shiga mu duka, muka yi tsit. Ta fara daga bakin ƙofa, rufin na amsawa a dunƙule. Ta wuce inda aka yi gyaran, nan ma lafiya. Na fara jin kunya na rufe ni. Ta matsa wajen taga, inda muke jera jarirai saboda iska, ta buga. Sautin da ya dawo irin na ƙwaryar da aka kife a ruwa ne. Ta sake bugawa. Ɗan yashi ya zubo mata a goshi, a wurin da fentinsa ke fari tas, babu tabo ko ɗaya.

Ta sauke sandar, ta fitar da mu, ta murza makulli. Da muka koma falo ta zauna a ƙasa ta ce in zuba mata, ko ya huce. Ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta ce, "Ni ma ina da nawa. Ina tsoron iyaye su kwashe yaransu, gidan nan ya mutu a hannuna, a ce Saude ta gina Maryam ta rushe." Shekara uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai, muna ganin kamar ƙarfin hali ne. Hajja ta tura mata gwangwanin sukari gaba ɗaya.

Ɗakin yana kulle har yau da nake rubutu. Mai gida na jan ƙafa, wasu iyaye sun ji haushi, wata ta ɗauke ɗanta. Na ji an fara kirana da sunan da ake kiran Yaya Saude. Ban san ko rufin zai taɓa faɗowa ba, wataƙila ya shekara ashirin a haka, ya ƙi faɗuwa kamar wancan benen, a yi ta mana dariya. Na dai san yau da rana babu kan yaro ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

In na auna abin da ya rage mini nata, ba shi da yawa. Kabarinta na da nisa, ba na iya zuwa ni kaɗai. 'Ya'yanta in mun yi waya sun fara manta muryarta. Mayafin nan ƙamshinta ya bar shi tuni. Ba ta bar gini ba, ba ta bar suna ba sai na tsokana. Abin da ta bari shi ne buta, da wurin zama inda mace za ta faɗi abin da ke cin ta ba a ce ta yi mugun baki ba, da tambayar nan tata mai kalma biyu. Abu ɗaya muka sauya a dokarta: yanzu mai zuba shayi ita ake fara tambaya, tun yana da zafi.

Jiya ni na zuba. Hajja Batul ta dube ni ta ce, "To, mai buta, me kike tsoro?"

Na ce, "Har yanzu komai, Hajja."

"Ɗaya bayan ɗaya, ya binti," in ji ta. "Nuna mana na yau."

Allah ya jiƙan Yaya Saude, ya yalwata mata makwanci, ya amintar da ita daga dukkan tsoro.